Shekara huɗu gashina bai wuce ƙeya ba: amsa ga wata ƙanwa daga Ƙofar Ƙaura

Wata ƙanwa daga Ƙofar Ƙaura ta aiko mani da tambaya. Ta ce: "Anti, shekarata 26. Gashina irin siririn nan ne mai laushi, kuma shekara huɗu ke nan bai wuce ƙeyata ba. Na shafa man kaɗe, na sayi man karkar da garin chebe, na sha ƙwayar bitamin ɗin nan bayotin kwalba biyu, shiru kake ji. Duk sati shida nake sa rilaksa, kitso kuma ƙanana nake yi don su daɗe. Yanzu gaban goshina ma ya fara ja da baya. Saura wata shida bikina. Wane mai ne zai sa ya fito da sauri?"

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mamu lokacin lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen masu ciwon fata a nan Katsina. Kafin nan kuma ɗiyar mai kitso ce. A Daura na tashi, tun ban isa tuƙa tuwo ba nake riƙe ma mahaifiyata kibiya da kwalbar mai, mata na layi a tsakar gidanmu daren Sallah. Kan da ake kitsawa na gani, kan da ake kawowa asibiti bayan an gama da shi ma na gani. Don haka ki yi haƙuri da ni, ba sunan mai zan ba ki ba.

Amsarki tana cikin tambayarki, ba ki dai lura ba. Kin ce duk sati shida kike sa rilaksa. To me kike sa mawa? Ba sabon gashin da ya tsiro daga gindi ba, wanda ya fara riƙe maki mataji? Kan da ba ya fitar da gashi ai ba ya neman a maimaita mashi mai. Gashin ɗan Adam yana ƙaruwa da kamar santimita 1 a wata. Namu na baƙar fata yakan ɗan gaza haka, amma ba da wani abin a zo a gani ba. Mu ce santimita 10 a shekara. A shekara huɗun nan da kike kuka da su, kanki ya fitar da abin da ya kai santimita 40. Ki ari tef ɗin tela ki ɗora daga tsakar kanki ki ga inda zai tsaya. To ina ya tafi? Yana cikin mataji, yana ƙasan banɗaki, yana jikin ɗankwalin da kike kwana da shi, yana cikin sharar gidan mai kitso. Randa ce ke yoyo, ke kuma kina ta faɗa da mai ga-ruwa.

Akwai abin da ba hannunki a ciki, gara in faɗa maki tun yanzu ki daina asarar kuɗi. Kaurin silin gashi gado ne, kamar tsayi da launin fata. Ramukan da gashi ke tsirowa daga cikinsu, wajen 100,000 a kan mutum, tun muna ciki aka gama halittarsu, ba a ƙara ko ɗaya bayan haihuwa. Shi ya sa zancen da ake yi wai in aka yi ta aske ma yarinya kai gashinta zai yi kauri bai da tushe. Askin suna sunna ne, amma ba aska ke rabon gashi ba. Kowane sili kuma yana da wa'adinshi: ya yi ta tsawo shekara 2 zuwa 6, ya tsaya na 'yan makonni, ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani ya tsiro a raminshi. Wadda wa'adin nata ke kai shekara 6, ita ce kike gani da gashi har gadon baya. Wadda nata shekara 3 ne, in ta adana shi zai sauka kafaɗa. Ƙeya kuwa da wuya ta zama iyakar mace mai lafiya.

Yau da dare in kin zo taza, ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinyarki. Abin da ya zubo ki duba shi a haske. Silin da ya kai tsawon gashinki, a bakinshi ɗaya kuma akwai ɗan farin ɗigo, wannan wa'adinshi ne ya cika, daga gindi ya fito. Sili 50 zuwa 100 irin wannan a rana ba ciwo ba ne, kuma in kin yi sati biyu da kitso, na sati biyun taruwa suke yi su fito ranar tsifa gaba ɗaya, kar ki ɗora hannu a ka. Amma guntaye marasa farin kai, kamar an barbaɗa ganyen shayi a kan ƙyallen, wannan karyewa ce. Na ci amana in naki ba guntayen ne za su fi yawa ba. In kuwa dogayen ne suka wuce yadda kika saba, wanke kai ɗaya ki cika tafi, to zancenki ya koma na jini da asibiti, zan zo kanshi.

Me ya sa irin naki ya fi saurin karyewa? Silin gashinmu ba mulmulalle ba ne. In aka sa shi a madubin ƙara girma, a ɗan baje yake, yana tafiya yana murɗewa, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Man da fatar kai ke fitarwa da kanta ba ya iya gangarowa har baki saboda wannan murɗe-murɗen, sai bakin ya zauna a bushe. Silin yakan naɗe kanshi ya ƙulle, mataji ya zo ya tsinke ƙullin. Wannan duk mun haɗu a kai. Ke kuma sai aka ƙara maki da siranta, abin da mai kaurin gashi za ta yi ta kwana lafiya, ke sai ya cinye maki kai. Gashin da ya riga ya fito kuma ba shi da rai, ba ya warkewa kamar fata. Bakin gashinki shi ne dattijo a kanki, ya sha rilaksa, ya sha hunturu, ya sha taza ba adadi. Duk man da aka ce maki yana gyara shi, lulluɓe shi kawai yake yi zuwa wanki na gaba. Kuskuren da na fi gani shi ne mai siririn gashi ta ɗauki shawarar ƙawarta mai gashi kamar igiyar guga.

Babbar ɓarauniyarki ita ce rilaksa. Kin san sodar nan da masu haɗa sabulu ba sa taɓawa sai da safar hannu? Ita ce a cikin wasu. Waɗanda aka rubuta ma cewa babu soda, wani ɗan'uwanta ne mai ƙarfi a ciki, har da masu hoton yara a kwali. Yadda take miƙar da gashi shi ne ta tsinke ɗaurin da ke riƙe da silin daga ciki, kuma abin da ta tsinke ba ya komawa. A sati shida, sabon gashinki bai wuce santimita 1 da rabi ba. Ba hannun da zai shafa mai a wannan ɗan tsakanin bai hau kan wanda aka sa ma a baya ba. Ke nan kowane yanki na gashinki sai ya sha soda sau biyu, sau uku, wasu shagunan ma har baki suke jan man kowane zuwa. Ina dalilin da zai kai kafaɗa?

Ra'ayina, mai gashi irin naki ta ajiye rilaksa a watannin nan shida. Garin neman gira ake rasa ido. Sai dai ki sani, mahaɗar sabon gashi da tsohon da ya sha mai ita ce inda ya fi saurin tsinkewa, don haka ba a taje shi a bushe ko sau ɗaya. In kuma kin ce ba za ki iya ba, to ki ja tazarar ta kai sati 10 zuwa 12, a sa a sabon da ya tsiro kaɗai, a shafe goshi da kunnuwa da basilin, a lulluɓe tsohon gashin da kandishina, a duba agogo bisa abin da aka rubuta a kwali. Zafi ba alamar mai ya kama ba ne, alamar fata ta fara ƙonewa ce. Duk wadda ta ce maki "daure, yanzu yake ci", ki tashi a wanke maki.

Sai kitso, kuma nan ne zan daɗe, don goshinki ya fi tsawon gashinki tayar mani da hankali. Tsawo ana samun shi ko bayan biki. Goshi kuwa akwai inda in ya kai ba ya dawowa.

Ni ganau ce. Satin bikina aka kai ni wajen wata mai kitso da ake ta yabo, ba wajen mahaifiyata ba, wai kitsonta na tsofaffi ne. Tun hantsi muka zauna sai bayan la'asar. Ƙanana ƙwarai, har 'yan gashin gaban goshi sai da aka tsinto su aka cusa. Daren nan ban iya ɗora kai a filo ba sai da na sha farasitamol, in na ɗaga gira sai in ji kamar ana zare mani jijiya. Kwana uku ƙananan ƙuraje suka jeru a bakin goshin. Kunya da kuɗin da aka biya suka hana ni tsefewa, na bar shi fiye da wata. Ranar da na tsefe, gefen goshina biyu fes kamar tafin hannu. Mahaifiyata ta duba ta ce, "Kitson da ya hana ki sujada lafiya, me kike jira da shi?" Ɓangare ɗaya ya dawo bayan watanni, ɗayan har yau sai dai in ja ɗankwali.

Abin da ke faruwa shi ne jan yana raunata ramin gashin. Da farko kumbura yake yi, in aka sassauta sai ya murmure. In aka ci gaba shekara da shekaru, ramin ya zama tabo, wurin ya yi sulɓi yana ƙyalli, daga nan ba mai, ba allura. Ki duba goshinki a madubi da rana. In akwai 'yan ƙananan gashi marasa ƙarfi a wurin da ya ja baya, kuma kina ganin ɗigo-ɗigon ramuka, kina da sauran dama, kuma yanzu ne lokacinta.

Don haka ki koma matsakaitan kitso, kamar guda takwas zuwa goma sha biyu, a sassauce. A bar 'yan gashin goshi da na ƙeya su sha iska. Shuku na da kyau, amma in aka yi ta maimaita shi, wuri ɗaya yake ja kullum, ki riƙa sauya hanyar tsaga, wannan karon zane ya yi baya, wani karon kalaba manya. Sati biyu ya isa, in ya daɗe ƙwarai uku, don siririn gashi in ya kwana biyu a kitse cukurkuɗewa yake yi a gindi, ranar tsifa ki yi asarar abin da kika tara. Ƙarin gashin kanti, ko kafin a zo ga abin da malamai suka faɗa a kanshi, nauyinshi ya fi ƙarfin gindin gashinki. Kitson zare yana miƙar da gashi ba tare da wuta ba, ina son shi, muddin ba a ɗaure shi kamar buhun gero ba. Kuma kada rilaksa da kitso su haɗu a sati ɗaya, a ba da tazarar sati biyu aƙalla. Ita mai kitson, ki faɗa mata tun kafin ki zauna, da fara'a: "Yaya, kaina ba ya son ja, ko ba zai daɗe ba na yarda." In ta ji haushi, masu kitso ba su ƙare ba a Katsina.

Ranar tsifa kuma kar ki yi ta cikin sauri, kina tsifa kina kallon tukunya. Ki ɗan jiƙa kowane kitso da ruwa da mai, ki fara daga baki, ki cire dattin gindin da yatsa kafin ruwan wanki ya taɓa shi. Wadda ta tsefe ta zuba shamfu ba ta warware ba, dunƙulewa yake yi sai almakashi.

Mu da kanmu ke rufe yini guda muna da riba da hasara. Ribar, rana da ƙura ba sa dukan gashin kai tsaye. Hasarar, yadin auduga yana shanye danshi yana gogar baki. Ki sa tela ya ɗinka maki hula biyu na yadi mai sulɓi, siliki ko satin, ɗaya ƙarƙashin hijabi, ɗaya ta kwana. Ɗaurin ɗankwalin da ke barin zane a goshi ya yi tsauri. Ribom mai roba tsirara, da acuci mai nauyi da ake maƙalawa a ɗan gashin da bai kai ya kawo ba, suna cikin abin da ke cinye tsakar kai da ƙeya. Hunturun garin nan kuwa kin san shi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, leɓe ya tsage, kaushi ya fashe, shanya ta bushe kafin ki gama wanki. Abin da yake yi ma diddigenki shi yake yi ma bakin gashinki, sai dai shi ba ya zafi balle ki ankara. A watannin nan ki rage taza, ki ƙara ruwa.

Ruwa na ce, ba mai ba. Nan ne mata da yawa ke ɓata. Mai ba ya jiƙa gashi, tsare danshin da ke ciki yake yi. In kika lafta man kaɗe a busasshen kai, kin kulle ɗaki ba kowa ciki. Ki samu 'yar kwalbar feshi ki zuba ruwa da ɗan kandishina, ki fesa kaɗan duk bayan kwana biyu, sannan ki murza mai kamar ƙwayar gyaɗa a tafinki ki bi baki da shi. Siririn gashi ba ya ɗaukar mai da yawa, kwanciya yake yi ya yi danƙo ya kwashi ƙura.

Wanki sau ɗaya a sati, ko duk kwana goma. Ki raba kan gida huɗu ko shida ki yi kalaba sako-sako, ki wanke a haka. Shamfu na fatar kai ne, ki cuɗa da tsokar yatsa ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran. Sabulun wanki, garin omo da kanwa, duk na ga masu sa su a ka, kuma duk buɗe ɓawon silin suke yi su bar shi kamar tsintsiya. Sabulun salo ma yana da kaifi ga irin gashinki. Kandishina kuwa ba ƙawa ba ce, dole ce a kowane wanki, kuma lokacin da take kai ne kaɗai za ki taje: yatsa tukuna, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki ki hau zuwa gindi.

In kuɗin kandishina ya yi wuya, kakanninmu sun riga mu. Karkashi. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ya saki yauƙi, ki tace da kyau, ki zuba a kai ki warware da yatsa. Ganyen nan ambunu da ake tallarshi daga Chadi da tsada, dangin karkashin da ke kasuwarmu ne. Ganyen magarya ma yana wanke kai ba tare da ya busar da shi ba. Ba sa ƙara saurin fitowa, amma suna hana mataji cin rabonshi, kuma abin da muke nema ke nan.

Bayan wanki ki matse da tsohuwar riga mai laushi, kada ki goge da tawul, kuma kada ki rufe kai ko ki kwanta yana jiƙe. Wannan zai fi shafarki bayan biki, lokacin da wanka zai yawaita. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sai ta warware kitsonta don wankan janaba, ya ce a'a, ya ishe ta ta kamfaci ruwa sau uku ta zuba a kanta. Matsakaicin kitso mai sassauci ruwa na ratsa shi har fata, kuma yana saurin bushewa. Ƙanana matsattsu su ne ke kwana da laima, kai ya fara tsami da ƙaiƙayi. Abin busar da gashi in za ki sa, a iska mai ɗumi-ɗumi. Ƙarfen miƙarwa a kan jiƙaƙƙen gashi kuwa tafasa ruwan cikin silin yake yi ya fasa shi.

Chebe da karkar da kika saya ba ƙarya ba ne, fahimtarsu ce aka juya. Matan Chadi da aka san su da chebe ba a fatar kai suke sa shi ba. A jikin gashin suke shafa shi da mai, su kitse manya, su ƙyale shi kwanaki ba taza ba wuta. Rabin sirrin a ƙyalewar yake. Ke kuma kin sa chebe a kan gashin da ke shan soda duk sati shida. In za ki ci gaba da shi, kaɗan, daga tsakiya zuwa baki, ki wanke shi tas, don garin yana da nauyi ga siririn sili. Cikin mayuka, man kwakwa ne aka tabbatar yana shiga cikin silin ya rage mashi zubar da ƙarfi lokacin wanki, ki shafa shi awa ɗaya kafin ki wanke. Ruwan hulba, kanumfari, albasa, ruwan shinkafa, ban ga wanda ya sauya santimitar nan ta wata-wata ba, kuma na ga fatar kan da kanumfari mai yawa ya saɓule. Haɗin da aka ɗura a roba ba suna ba lambar NAFDAC, ki bar ma mai shi.

In kina da amosani, daina lafta mai a fatar, ƙwayar da ke kawo shi da mai take rayuwa. Shamfu mai ketokonazol sau biyu a sati na wata ɗaya, ki bar kumfar minti biyar kafin ki ɗauraye. Susa kaɗai ta isa ta karya gashi daga gindi.

Yanzu cikin jiki. Jiki ba ya ɗaukar gashi a bakin komai. In abinci ko jini ya yi ƙaranci, zuciya da ƙwaƙwalwa yake fara ba, gashi shi ne na ƙarshe a layi. Abin da na fi kamawa a 'yan mata sa'anninki shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, musamman mai al'ada da yawa. Kina yawan gajiya? Kina haki in kin hau bene? Kina sha'awar tauna ƙanƙara ko farar ƙasa? Ki je asibiti a yi maki gwajin jini, ki roƙi a haɗa da feritin, shi ke nuna ajiyar ƙarfen, don ajiyar takan ƙare tun jinin bai nuna ya yi ƙasa ba. A duba maki da tayirod, ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, don in ya yi sanyi ko ya yi zafi duka gashi na zuba. Kada ki sayi ƙwayar ƙarin jini da kanki, balle in kina da sikila.

Ki kuma tuna baya: wata biyu ko uku da suka wuce kin yi zazzaɓi mai zafi, taifod ko maleriya? An yi maki aiki? Kin yi rashi, ko kin takura ma kanki da yunwa don ki rame? Irin wannan girgiza tana tura gashi da yawa hutu lokaci ɗaya, sai bayan wata uku su zubo, lokacin an manta da ciwon, a ce baki ne ko sammu. Yana tsayawa da kanshi cikin kamar wata shida. Haka yake yi ma mai jego wata uku ko huɗu bayan haihuwa, ki ajiye wannan a ranki don gaba.

Abincin ba sai na kanti ba. Gashi da furotin aka gina shi: ƙwai, wake, awara, kifi, nama, ƙuli-ƙuli, nono. Ƙarfe kuma yana cikin jan nama, hanta, wake, zogale, alayyafo da geron furar da kike sha. Lemo, gwaiba ko tumatir tare da abinci suna taimaka ma hanji ya ja ƙarfen. Shayi kuwa hana shi yake yi, ki ba shi tazarar awa ɗaya da cin abinci. Amaren da ake tsarewa da kunu da kayan zaƙi wata guda, ƙiba suke yi, ba jini ba.

Bayotin ɗin da kika sha kwalba biyu, sai ga wanda ya rasa shi a jiki yake aiki, kuma rashinshi abu ne mai wuyar samu ga mai cin abinci irin namu. Yana da wata illar ma da ba a faɗa: yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje, har da na tayirod da na gano ciwon zuciya, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai tun 2017. In za ki je gwajin da na ce, ki faɗa ma likita kina sha, zai ce maki kwana nawa za ki dakata. Maganin shafawa da aka tabbatar yana tayar da gashi shi ne minoksidil, asalinshi ma maganin hawan jini ne aka lura yana fito ma masu sha da gashi. Yana iya taimakon goshi in ramukan ba su mutu ba, amma sai an yi wata uku zuwa shida ana shafawa kafin a ga wani abu, kuma ba a son shi ga mai ciki ko mai shayarwa. Ke da ke shirin shiga ɗaki, wannan shawara ce tsakaninki da likita, ba ke da mai kemis ba.

Akwai kuma alamun da ba a zama a gida da su. Tsakar kai ta fara yin fili tana faɗaɗa, da zafi ko ƙaiƙayi, wannan wani ciwo ne da ya fi kama mata baƙar fata, kuma tabo yake bari. Ko wuri ya zube a zagaye kamar kwabo, sumul. Ko ɓawo da ruwa irin na makero, wanda ba ya jin man shafawa sai maganin sha. Ko gashin kai na raguwa, na haɓa na fitowa, al'ada na wasa. Kowanne daga ciki, ki nemi likitan fata a babban asibiti, kar ki tsaya gwajin mai.

Datse baki ba ya sa gashi saurin fitowa, gindi bai san abin da ake yi a baki ba. Amma bakin da ya tsage yana ci gaba da tsagewa ya hau sama, don haka a rage rabin santimita duk wata uku ko huɗu, da almakashi mai kaifi da ba a yanka yadi ko leda da shi.

Zancen biki kuma, ba a fafe gora ranar tafiya, amma wata shida ba kaɗan ba ne. Abin da za ki iya samu a ciki santimita 5 ne zuwa 6, kamar tsawon ƙaramin yatsanki, in kin hana shi karyewa. Duk wadda ta yi maki alkawarin fiye da haka, jakarki take kallo. Goshin, in aka sake shi daga yau, zuwa wata na uku ko na huɗu ya kamata ki fara ganin 'yan ƙanana suna tasowa. Satin bikin shi ne mai haɗari, don rana ɗaya ake so a haɗa maki rilaksa, rini, ƙarfe da kitso. Ki zaɓi ɗaya. Baƙin rini da dayis suna da wani sinadari, PPD, da ke kumbura ma wasu fuska da kai har ido ya rufe, kuma na karɓi amarya a haka ana gobe ɗaurin aure. Ki gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana biyu cur, kuma ki yi gwajin tun saura wata guda.

Gobe da safe ki kama sili kaɗan daga bayan kunnenki na dama, ki miƙe su a jikin tef, ki rubuta lambar da kwanan wata a bayan littafi. Ki ɗauki hoton goshinki a bakin taga. Kada ki sake aunawa sai bayan wata uku, a wuri ɗaya, da tef ɗaya. Sai ki aiko mani da lambobin biyu da takardar gwajin jinin, mu ga abin da ya rage.